Ga Vernetta, Wadda Ta Ƙi a Cire Noma Daga Sunan Kwalejinmu

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na bana, da misalin ƙarfe biyu na rana, Allah ya karɓi ran 'yata, Dakta Vernetta Tolliver Haywood, malamar gona a Kwalejin Noma da Ƙere-ƙere ta Harlow Bend. Shekarunta arba'in da uku. Ta faɗi ne a gonar wata dattijuwa mai suna Ozella Crump, tana durƙushe tana duba kunyar irin dankali. Likitoci sun ce jijiya ce ta tsinke a ƙwaƙwalwarta, kuma da wuya in ta san abin da ya same ta. Mun binne ta ranar Asabar a maƙabartar majami'armu ta Dutsen Zaitun. Ta bar mijinta Desmond, da 'yarta Corinne mai shekara tara, da mahaifiyarta Earline, da ni.

Masu shirya wannan mujalla ta tsofaffin ɗalibai sun roƙe ni in rubuta abin da zai sanyaya zukata. Shekara talatin da takwas na koyar da tarihi a kwalejin nan, ban taɓa ɗaga murya a aji ba, kuma ba zan fara a kan kabarinki ba, Netta. Sai dai ban yi wa kowa alkawarin sanyi ba.

Kwana tara bayan jana'izarki wasiƙa ta iso daga ofishin shugaban kwaleji, Dakta Carlton Bivens. Takarda ce mai kauri, kalmominta masu laushi. Kwamitin amintattu, in ji ta, ya yanke shawarar sa wa sabon ginin binciken tsirrai sunanki. Za a yaye ƙyallen da ya rufe allon sunan ranar biyu ga watan Mayu, a dandali ɗaya kuma a sa'a ɗaya da za a yaye sabon allon bakin ƙofa, wanda zai ce Jami'ar Harlow, ba noma, ba ƙere-ƙere. Abin da ya rage musu shi ne sa hannun iyali kafin ƙarshen Afrilu. Wato suna neman izininmu su rataye sunanki a bikin abin da kika ƙarar da shekara biyu na ƙarshen rayuwarki kina yaƙa. Na karanta wasiƙar sau biyu, na naɗe ta yadda ta zo, na ajiye.

Kin san tarihin sunan nan fiye da waɗanda suka goge shi, domin a teburin cin abinci kika koye shi, ko kina so ko ba kya so. Amma matasan da za su karanta wannan ba su zauna a teburin nan ba. A shekarar 1862 gwamnatin tarayya ta yi doka ta bai wa jihohi filaye, su sayar su gina kwalejojin da za su koyar da 'ya'yan masu aikin hannu noma da ƙere-ƙere. Filayen na 'yan asalin ƙasar nan ne da aka kora daga kansu, abin da ba a faɗa a ranar biki. A nan Kudu aka gina kwalejojin aka rufe mana ƙofa. Sai a 1890 doka ta biyu ta zo ta ce wa jihohi: ko ku buɗe ƙofa ga baƙaƙe, ko ku gina musu tasu. Jiharmu ba ta ɓata lokaci wajen zaɓe ba. Aka ba mu wani tudu mai jan yumɓu wanda auduga ta riga ta tsotse, da alfadarai biyu, da suna.

Sunan nan 'yan majalisa ne suka zaɓa, kuma sun san abin da suke nufi. Hannuwa suke so. Ba su yi niyyar ganin lauya ko likita ya fito daga tudun nan ba. Da farko Makarantar Horon Malamai da Sana'a ta Baƙaƙe aka kira ta. A 1915 ta zama Kwalejin Noma da Ƙere-ƙere ta Baƙaƙe. Bayan yaƙin duniya na biyu tsofaffin sojojinmu suka matsa har aka cire kalmar ƙarshe, kuma kakanki yana cikin waɗanda suka hau tsani da guduma. A shekarun da suka biyo baya kwalejojin farare da yawa suka yar da noma da ƙere-ƙere daga sunayensu, saboda sun gaji da ba'ar da ake yi musu ana kiransu makarantar shanu. Tamu ta riƙe nata.

Ni ban so ta riƙe ba. Dole in faɗi wannan a fili, domin duk abin da ya biyo baya a kansa ya tsaya. A 1987, ina ƙaramin farfesa, na dawo daga Arewa da digirin da nake ji da shi, na rubuta wa majalisar malamai takarda mai shafi goma sha ɗaya cewa sunan nan sarƙa ce da aka ƙera mana, kuma lokacin cire ta ya wuce. Na rubuta ta da kyau. Aka kaɗa ƙuri'a, na faɗi da ƙuri'a huɗu, takardar ta shiga ma'ajiyar kwaleji, na manta da ita.

Ke kuwa da kika gama sakandare da sakamakon da zai kai ki duk inda kike so, kika zauna a gabana kika ce kimiyyar ƙasa za ki karanta, kuma a nan gida. Na ce miki kakannina sun yi shekara ɗari biyu suna sunkuye a gonar wani domin jikarsu ta miƙe tsaye. Kika ɗauki gurasar masara kika gutsura, kika ce, "Baba, a gonar wani suka sunkuya. Ni a tamu zan sunkuya. Miƙo mini ganyen nan." Na yi mako guda ina shirya amsa. Kafin in gama kin riga kin cike takardar shiga.

Daga baya, da kika girma a aikin, kin faɗa mini abin da ban taɓa karantawa a littafi ba. Kin ce sun ba mu sunan ne don su rage mu, mu kuma da shi muka riƙe ƙasa. A farkon ƙarnin da ya wuce baƙaƙen manoma sun mallaki miliyoyin eka a Kudu, kuma mafi yawansu sun suɓuce. Kin ce in na ɗauki taswirar jiharmu na duba inda gonakinmu suka fi saura, zan ga sun kewaye tudun nan kamar kaji sun kewaye mai tsaba. Na duba. Haka ne.

Dalilin kuwa kowa a gundumomi shida ya san shi: bencin nan na barandar Babban Zaure. Tun zamanin da baƙin manomi ba ya shiga ofishin malamin gona na gunduma ta ƙofar gaba, a nan yana zuwa ta babbar ƙofa, ya hau matakala, ya ajiye gwangwanin kofi cike da ƙasar gonarsa a kan benci, da 'yar takarda a ƙarƙashin murfi mai ɗauke da sunansa da abin da yake son shukawa. Ba fom, ba sakatare, ba mai tambayarsa wurin wa ya zo. Bayan mako biyu ya dawo ya tarar da gwangwaninsa a wanke, amsa tana ciki. Shekara ɗari da talatin ana haka. Shekara goma sha shida na ƙarshe rubutun hannunki ne a cikin gwangwanayen nan, kuma ba ki taɓa tsayawa ga lissafin tsamin ƙasa kaɗai ba. Na ga wata amsarki da aka manna a jikin firji: "Ƙasarka lafiya lau. Je ka a duba maka ƙafar nan, na ga yadda ka hau matakala."

Na tuna wata safiya da na biyo ta barandar na tarar da ke da Dikin Purvis Gatewood, dattijon majami'a, mai noman kankana, wanda ya haura tamanin.

"Dakta 'yar Farfesa," in ji shi, "ƙasar nan tawa ta fi ni taurin kai."

"Dikin, kada ka yi wa ƙasa sharri. Shekara uku ina ce maka ka zuba farar ƙasa, kana ce mini kakanka bai zuba ba. Kakanka da alfadari ɗaya ya yi noma. Kai ga ka da tarakta har da rediyo."

"Rediyon ya mutu."

"Madalla. Bana sai ka ji ni da kyau."

Ya juyo ya dube ni ya ce, "Farfesa, a ina ka samo wannan? Kai ga ka shiru-shiru kamar mai jiran layin likita." Na ce masa wajen uwarta ta gado. Kika ce, "Ƙarya ne, Dikin. Shi ma yana da baki, a takarda yake ajiye shi."

Ba zan mai da ke waliyyiya ba, domin da kin ji haushi. Ba ki da haƙuri da mai jinkiri. Kin manta ranar haihuwar mahaifiyarki sau biyu saboda tsutsa ta faɗa wa gyaɗar wani. A-kori-kurarki ba ta shiguwa sai mutum ya ture buhuna da gwangwanaye. Amma lokacin da dangin Ozella Crump na birni suka so a sayar da gonar gado a raba, ke kika bi su ɗaya bayan ɗaya, mutum goma sha huɗu a jihohi biyar, ta waya da ta mota, har suka sa hannu gonar ta zauna. Ba aikinki ba ne. Ba wanda ya sa ki, kuma ba ki taɓa ba ni labarin ba. A bakin Ozella na ji shi, ranar da muka karɓi gaisuwa.

Shekara biyu da suka wuce kwamitin amintattu ya ɗauko wani kamfani daga birni ya duba, in ji su, yadda duniya ke kallon kwalejin. Matasa ne masu fara'a, sun kwana uku a otal. Sun tambayi ɗaliban sakandare da iyayensu, sun tambayi masu ɗaukar ma'aikata. Manomi ko ɗaya ba su tambaya ba. Rahotonsu ya ce kalmar noma tana korar masu neman shiga, kuma bencin da ke cike da tsofaffin gwangwanaye a ƙofar Babban Zaure ba ya kyau a hoto.

Zan yi wa Dakta Bivens adalci, domin ɗalibina ne, kuma na koya masa cewa ba a karya hujjar abokin gardama sai an tsai da ita da ƙafafunta. Yawan ɗalibai yana raguwa. Yarinyar da ta karanta aikin jinya ko na'ura mai ƙwaƙwalwa tana zuwa neman aiki a tambaye ta ko ta iya tatsar saniya. Wannan ciwo ne na gaske, na san shi a jikina. Mutum mai hankali yana iya tsayawa a wancan gefe, kuma ba don ya tsaya can nake fushi ba.

Bencin suka fara ɗaukewa. Wata Juma'a da yamma aka kai shi bayan garejin motocin kwaleji, inda ake tara shara kafin a kwashe. Ran Litinin da safe kika ɗora shi a motarki kika mai da shi baranda, ɗalibai suna kallo. Suka sake ɗauka, kika sake maidowa. A karo na uku aka ba ki takardar gargaɗi, aka ɗaure ƙafafun bencin da ƙusoshi a siminti, can baya. Mutanen da suka yi haka jikokin waɗanda aka riƙa turawa ƙofar baya ne, kuma ba wanda ya ji wani abu ya motsa a cikinsa. Tsofaffin manoma ba su yi gardama ba. Sun san ƙofar baya in sun gan ta. Suka daina zuwa kawai. Sai gwangwanaye suka fara bayyana a barandar gidanki, da ta cika suka malalo tamu, har mahaifiyarki ta ce in ta sake tuntuɓe da ƙasar wani za ta shuka tumatir a ciki ta cinye.

Sai zaman kwamitin amintattu na watan Nuwamba, wanda ba ni da ranar mantawa da shi. An ba kowane mai magana minti uku. Dikin Purvis ya miƙe da hularsa a hannu ya ce, "Ni karatuna bai yi nisa ba. Amma in na zo bakin ƙofar nan na ga an rubuta noma, na san da ni ake. In kun goge, in mai gadi ya tare ni, wurin wa zan ce na zo?" Shugaban zaman ya gode masa ya duba agogo. Ke kika biyo baya. Ba ki roƙi kowa ba. Kin kawo adadin gonakin da suka tsira da adadin gwangwanayen da suka daina zuwa, kin ce a ƙara duk kalmar da ake so a gaban sunan ko a bayansa, a kira ta jami'a in ana so, amma a bar wa mutanen da aka gina ta dominsu kalmarsu.

Da kika zauna, Dakta Bivens ya buɗe wani fayil ya ce yana so ya karanta ra'ayin wani babban masanin tarihin kwalejin nan. Ya karanta sakin layi biyu daga takardata ta 1987. Ya karanta su da kyau, ya tsaya inda na sa waƙafi. Sa'an nan ya ɗaga kai ya ce, "Dakta Haywood, ina jin kin san marubucin."

Ina zaune a layi na huɗu. Duk zauren ya juyo.

Kika miƙe ba tare da an ba ki izini ba, kika ce, "Na san shi, ranka ya daɗe. Lokacin da ya rubuta wannan bai iya bambanta gyaɗa da waken suya a gona ba. Har yau ma bai iya ba. Amma ga shi can zaune da ransa, ba sai an tono shi daga ma'ajiya ba. A tambaye shi mana."

Aka yi dariya. Kika dube ni. Ni kuwa ban miƙe ba.

Na san dalilaina, domin na jera su a zuciyata a cikin daƙiƙun nan. Sunana ba ya cikin jerin masu magana. Malamin da ya yi ritaya ba ya tsoma baki a mulkin wanda ya gaje shi. Kuma abin da aka kafa da hujja a rubuce, da hujja a rubuce ake rushe shi, ba da ɗaga hannu a taro ba. Kusan shekara arba'in na koya wa ɗalibai haka. Shugaban zaman ya jira kaɗan, ya ga ban motsa ba, ya wuce batu na gaba.

A mota, da muka wuce gadar kogi, kika buɗe maganar.

"Baba, kalma uku ce fa. Na canja ra'ayi. Shi ke nan."

"Ba haka ake janye takarda ba, Netta. Zan rubuta amsa cikakkiya."

"Da manazarta a ƙasan kowane shafi?"

"Yadda ya kamata."

"To, Farfesa. Allah ya nuna mana ranar da za ka gama." Kika miƙo hannu kika gyara mini wuyan riga, kamar ke ce uwar.

Na fara a makon nan. Na koma ma'ajiya, na nemo muhawarar 'yan majalisa ta 1891, na bi rahotannin malaman gona shekara bayan shekara. Ina shafi na ashirin da shida majalisar dokokin jiha ta amince da sabon suna, ranar sha takwas ga Fabrairu, kuma a cikin takardun da aka raba wa 'yan majalisa har da sakin layin nan biyu, da sunana a ƙasa. Mako uku bayan haka kika rasu. Ba ki sake tayar mini da maganar ba. Lahadin ƙarshe da kika zo gida kin kawo mini soyayyar tarwaɗa, kin tambaye ni ko ina shan maganina.

Ga su nan yanzu, a gaban kowa, a makare: na canja ra'ayi. Takardar 1987 kuskure ce, ni na rubuta ta, na janye ta, kuma ban yarda a sake karanta ta da sunana a ko'ina ba.

Ranar jana'izarki motocin manoma sun cika filin majami'a sun gangara titi har wajen gidan mai. Dakta Bivens ya nemi a ba shi minti biyar a madadin kwaleji, muka ba shi. Ya yabi ƙwazonki. Sa'an nan ya ce ke mace ce mai hangen nesa, wadda ta fahimci cewa dole makaranta ta sauya kamanni domin ta rayu, kuma sabuwar jami'a za ta ginu a kan mafarkinki. Akwatinki yana gabansa, taku uku. Ozella Crump ta buga sandarta a ƙasa ta ce da ƙarfi, "Carlton, ji tsoron Allah! Yarinyar ko rufe ta ba a yi ba!" Fasto ya yi sauri ya ta da waƙa.

Wannan shi ne abin da ba zan yafe da sauƙi ba. Ku shugabannin kwaleji, kun yi gardama da ita tana raye, kun ka da ita, wannan hakkinku ne. Kun cire ta daga kwamitin Ranar Manoma, kun mai da ofishinta ɗakin da ba taga, ta jure ba ta kai ƙara ba. Amma da ta daina iya amsawa sai kuka sa mata kalmominku a baki. Yanzu kuma kuna so ku sa sunanta a tagulla, domin duk manomin da ya ga sabon allo ransa ya ɓaci, a nuna masa ginin a ce, ai ga Dakta Vernetta ma tana tare da mu. Carlton, na ba ka maki mafi girma a ajin nazarin hujjojin tarihi. Ka san sunan abin da ake yi in an sa wa mamaci maganar da bai faɗa ba.

Duk da haka amsar ba ta zo mini da sauƙi ba, kuma ba ni kaɗai ke da hakki a kanki ba. Lahadin da ta wuce, bayan sujada, muka zauna da Desmond a baranda. Mutum ne mai aikin kashe gobara, ba ya son doguwar magana.

"Baba, ni Corinne nake dubawa," in ji shi. "Nan da shekara ashirin wa zai tuna rigimar suna? Gini kuwa yana nan. Za ta kai 'ya'yanta ta ce ga kakarku."

Na ce masa gaskiya ya faɗa.

"To me ka gani?"

"Me kake jin Netta za ta yi?"

Ya yi dariya, karo na farko tun Maris, har ya share ido. "Da ta ɗaura wa allon sarƙa ta ja shi da mota, ta kawo maka tsakar gida." Sai ya dube ni. "Ni ba zan iya ba, Baba. Kai ka yanke, zan sa hannu ko in ƙi, duk wanda ka ce. Amma in a'a ce, kai za ka gaya wa yarinyar. An riga an faɗa mata a makaranta. Har ta zana ginin."

Na gaya mata da kaina. Na zaunar da ita na yi mata bayani yadda zan yi wa babba, domin 'yarki ce. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Kaka, ginin mai kyau ne?" Na ce mai kyau ne ƙwarai, duk gilashi. Ta ce, "Kuma ba za a sa sunan Mama ba?" Na ce ba za a sa ba. Ta ce, "Kai ka hana?" Na ce ni na hana. Ta tashi ta shiga ɗaki. Yau kwana huɗu ba ta yi mini magana ba, kuma ban san ranar da za ta yi ba. Na ɗauke wa marainiya abu ɗaya mai ƙyalli da aka miƙo mata a wannan baƙar shekara. Na san nauyinsa, kuma ba zan ce wani ne ya sa ni ba.

Saboda haka, ga shugaban kwaleji da kwamitin amintattu, wannan ita ce amsar iyalin Tolliver da na Haywood, ba kuwa za a aiko da wata a ambulan ba. Ba mu yarda ba. Kada a sa sunan Vernetta a gini, ko a ɗaki, ko a kujera, ko a takardar shirin biki. Kada a ambace ta daga kan dandali ranar biyu ga Mayu. Ku yi bikinku da sunayenku. Ita ta rayu ta mutu malamar Kwalejin Noma da Ƙere-ƙere, kuma haka aka sassaƙa a dutsen kabarinta, inda ƙuri'ar kowa ba ta kaiwa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Earline, wadda ta haife ta kuma ta fi ni sanin abin da muka rasa. Ga Desmond, wanda ya zama ɗa a gidan nan tun ranar da ya shigo. Ga Corinne, wadda ke da hakkin yin fushi da ni muddin tana so. Ga Ozella Crump, wadda ta riƙe kan 'yata a cinyarta har motar asibiti ta iso. Ga Dikin Purvis da dukan manoman gundumomi shida, da ɗalibanta da suka ɗauki akwatinta. Allah ya ba mu haƙurin da ba mu da shi. Waɗanda suka yi mata abin da suka yi kuwa, ba na roƙa musu sharri. Allah ya ba su tsawon rai da lafiya, har su kai shekarun da mutum ke jin kunya, kamar yadda ya kai ni.

Netta, Ubangiji ya jiƙanki, ya gafarta miki gaggawarki, ya karɓi aikin hannunki, ya ba ki hutawa a cikin salamarsa. Ya raya miki Corinne, ya ba ta zuciyarki. Ni kuma ki yafe mini. Kin dube ni a gaban mutane kina jira, na zauna.

Mahaifinki,
Ardell Tolliver